Me ya sa gwamnatin Amurka take gurfanar da kwalaben jam a kotu?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a fannin kimiyyar abinci. Na ci karo da wasu tsofaffin takardun kotunan Amurka inda gwamnati take ƙarar katan-katan na jam, irin wanda ake shafa wa burodi, wai an yi shi da ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, aka ƙwace aka lalata. Abu biyu suka ɗaure mini kai. Yaya za a yi ƙarar kwalba a bar mai kwalba? Sannan an koya mana cewa sukari yana hana abinci lalacewa, to ta ina ruɓa ta shiga jam?

Amsa: Barka kadai, Malama. Takardun da kika gani na gaske ne. Dokar abinci da magunguna ta 1906, wadda Shugaba Theodore Roosevelt ya sa wa hannu ranar 30 ga Yuni na shekarar, ta wajabta wa gwamnati ta buga sanarwa duk lokacin da kotu ta yanke hukunci a kan wani abinci ko magani. A ƙarƙashin wannan doka kaɗai an buga sanarwa sama da 30,000, kuma jam da ɗanyen kayan haɗa shi suna yawan fitowa a ciki, tare da tumatirin gwangwani da man shanu da ƙwai. Zan fara da tambayarki ta biyu, don in kin gane ta, ta farkon za ta zo da sauƙi.

Abin da aka koya muku daidai ne, amma rabin zancen ke nan. Jam na ƙwarai sukarinsa yana kai kashi 65 cikin 100, ga kuma tsamin 'ya'yan itacen. Sukarin yana riƙe ruwan da ke ciki har ƙwayoyin cuta su rasa na amfani. Tsamin kuma yana hana masu haɗari tsirowa, irin wadda ke kawo gubar botulizim, domin ita ba ta girma in ma'aunin tsami (wanda raguwar lambarsa ke nuna ƙaruwar tsami) ya sauka ƙasa da 4.6, jam kuwa yana wajen 3 zuwa 3.5. Sai dai fumfuna da wasu nau'o'in yis sun fi su jure wa ƙarancin ruwa. In mai dafawa ya yi rowar sukari, ko ya sauke tukunya ruwa bai tsotse ba, ko murfi bai kama ba iska tana shiga, ko tururi ya taru a ƙarƙashin murfin ya ɗiga ya tsinka saman jam ɗin, to an buɗe musu ƙofa. Yis zai mai da sukari barasa da iska, murfi ya kumbura, in an buɗe a ji warin giya, a ga kumfa. Fumfuna kuma ta shimfiɗa gashinta a sama, fari ko kore.

Wannan lalacewa ce da ido ke gani, kuma ba ita ta fi damun hukuma ba, tunda mai saye ma da kansa zai mayar wa mai kanti. Wadda ta fi damun su ita ce ruɓar da ta riga tukunya. A ɗebo sitiroberin da ya kwana a kwando ya fara fumfuna, a zuba shi haka nan ba tsinta, a dafa da sukari. Wuta za ta kashe fumfunar, sukari ya danne ɗanɗanon, warin ya fice da tururi, in launi ya dusashe a ƙara rini. Kwalba ta fito tas, ta shekara a kanti ba abin da ya same ta. Babu harshen da zai gane, amma ruɓaɓɓen abu aka sayar.

Yadda sana'ar take a wancan zamani ya taimaka wa wannan. Kakar sitiroberi 'yan makonni ce, masana'antun jam kuwa aiki suke yi shekara zagaye. Saboda haka a jihohi irin su Oregon da Washinton sai a cika manyan ganguna da 'ya'yan itacen haɗe da sukari, a kai ɗakin sanyi a daskarar, daga baya a ɗora a jirgin ƙasa zuwa masana'antun gabas. Ganga babba ce, sanyi yana daɗewa bai kai tsakiyarta ba, kafin ya kai tsakiyar ta soma tsami. Mai masana'antar da ya riga ya biya kuɗin ganga da na dako, ba kowa ne zai buɗe ya ji wari ya ce a zubar ba.

To ta yaya hukuma take kama abin da harshe da hanci suka kasa kamawa? Nan aikin wani masani mai suna Burton Howard ya shigo. Shi ne shugaban ɗakin duba abinci da madubin ƙara girma a ofishin kimiyyar sinadarai na ma'aikatar gona, ofishin da Dakta Harvey Wiley yake jagoranta. A 1911 ya fitar da hanyar ƙidayar fumfuna a miyar tumatirin kwalba, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa jam da sauran kayan 'ya'yan itace. Abin da ya lura da shi shi ne wuta tana kashe fumfuna amma ba ta narkar da zarenta. Gawar tana nan.

Ga yadda ake yi, don har gobe ana yin sa. A tsinka samfurin, a ɗiga a kan wani gilashi na musamman mai zurfin kashi ɗaya cikin goma na milimita, a rufe, a ƙara girmansa kamar sau 100. Mai dubawa yana bin da'ira bayan da'ira, wato filin da ido ke gani ta cikin madubin, 25 a kowane ɗigo, kuma ɗigo biyu ne mafi ƙaranci. A kowace da'ira tambaya ɗaya yake amsawa: akwai ko babu? In ya ga zaren fumfuna wanda tsawonsa, ko tsawon zare har uku in an haɗa, ya wuce kashi ɗaya cikin shida na faɗin da'irar, sai ya rubuta akwai. A ƙarshe a lissafa kashi nawa cikin 100 na da'irorin ne suka fito akwai. Wahalar aikin tana wajen rarrabe zaren fumfuna da gashin ɗan itacen kansa. Na fumfuna gefensa biyu suna tafiya daidai kamar bututu, yakan yi rassa, yakan yi gaɓoɓi, bakinsa a dakushe. Gashin ɗan itace kuwa yakan sirance ya yi tsini. Sabon hannu yakan ƙidaya gashin sitiroberi a matsayin fumfuna ya ɗora wa masana'anta laifin da ba ta yi ba, shi ya sa lauyoyin kamfanoni suka fi matsa wa wannan gaɓa in mai dubawa ya hau ba da shaida.

Kamfanoni sun yi ta kawo wata hujja mai kama da hankali: fumfunar ta mutu, ba wanda ya ci ya kwanta asibiti, to ina laifin? Dokar ba ta bar musu wannan ƙofa ba. Sashe na 7 na dokar 1906 ya ce abinci gurɓatacce ne in gaba ɗayansa ko wani ɓangarensa ƙazanta ne ko ruɓaɓɓen abu, bai ce sai ya cutar ba. Dokar 1938 da ta maye gurbinta ta maimaita wannan, kuma kotuna sun tsaya a kan cewa gwamnati ba ta buƙatar nuna an cutu. Haka kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke New York ta yanke a 1954, a shari'ar katan 449 na tumatirin gwangwani, duk da ɗaya daga cikin alƙalan, Jerome Frank, ya ƙi yarda.

Ni a wannan ina goyon bayan doka. Wanda ya biya kuɗin jam ba ruɓa ya zo saye ba, ko da an tabbatar masa ba za ta kashe shi ba. Yawan zaren fumfuna a kwalba kuma shaida ce a kan halin masana'antar: wanda bai tsince ruɓaɓɓe ba, da wuya a ce ya wanke bene ko ya kori ƙuda. Sannan lokaci ya nuna cewa maganar "ba ta cutarwa" ɗin ma ba ta da tabbas. Ilimin gubar fumfuna bai kankama ba sai bayan 1960, lokacin da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Brazil, aka gano gubar aflatoksin. A 'ya'yan itace akwai wata mai suna fatulin, wadda fumfunar ruɓaɓɓiyar tuffa ke fitarwa, kuma dahuwa ba ta kawar da ita gaba ɗaya. Yau iyakarta a ruwan tuffa mikrogiram 50 ne a kowane kilo. Masu rubuta dokar 1906 ba su san da ita ba, ƙyama ce kawai ta jagorance su, amma ta kai su inda ya dace. Wannan ne ma ya sa ma'aikatar gonar Amurka take cewa jam in ya yi fumfuna a zubar da kwalbar duka, kada a kwashe sama a ci ƙasa, don a abu mai taushi zaren da gubar sukan nutse fiye da inda ido ya tsaya.

Sai dai kada ki ɗauka zare ɗaya ya isa a ƙwace kaya. Babu ɗan itacen da ya fito daga gona ba ɗigon fumfuna ko kaɗan, in aka ce sai sifili to ba mai sayar da jam a duniya. Don haka hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, tana da iyakokin da in an wuce take ɗaukar mataki. Shekaru da yawa ta ɓoye su don kada masana'antu su riƙa aiki daf da iyaka, sai a 1972 ta bayyana su. Na jam ɗin ceri kashi 30 ne, na tumatirin gwangwani mai kauri kashi 45. Mutane da yawa, har da 'yan jarida, sukan karanta wannan su ce an yarda kashi 30 na jam ya zama fumfuna. Ba haka ba ne. Kashi 30 na da'irorin da aka duba ne aka ga zare a cikinsu, nauyin zaren kuwa bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma wata ƙa'ida da nake so ɗalibai su riƙe: ba a yarda a gauraya kayan da suka wuce iyaka da masu kyau don a sauko da ƙidayar ba. Wanda ya yi haka, duka haɗin ya zama gurɓatacce ko da lissafin ƙarshe ya fito ƙasa da iyaka.

Yanzu tambayarki ta farko. Ƙarar kaya a bar mai kaya tsohuwar hanya ce da aka aro daga shari'ar jiragen ruwa. Jirgi ya yi ɓarna a tasha, mai shi yana wata ƙasa, hannun kotu bai kai gare shi ba, sai a kama jirgin a ce mai shi ya zo ya kare abinsa. Sashe na 10 na dokar 1906 ya ce ƙarara a bi wannan tsari, da ƙarin cewa kowane ɓangare yana iya neman masu taya alƙali yanke hukunci. Dalilin a fili yake. A ƙarƙashin wannan doka gwamnatin tarayya ba ta da iko a kan abincin da aka yi aka cinye a cikin jiha ɗaya, ikonta a kan kayan da suka tsallaka iyakar jiha ne. Ke nan kusan kullum masana'anta tana can, kaya suna nan. In aka ce sai an gurfanar da mai masana'anta a garinsu, kafin a gama shari'a an shafe jam ɗin a burodi an cinye. Tarar da dokar 1906 ta tanada ma ba ta da zafi: laifin farko na tura gurɓataccen kaya bai wuce dala 200 ba, kuɗin da babban kamfani zai biya ko a jikinsa. Amma a ce tarago guda na kaya ya salwanta, wannan kam yana taɓa aljihu. A 1911 Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan iko a shari'ar gwangwani 50 na ƙwan da aka adana da sinadarin borik, aka turo daga St. Louis a jihar Missouri zuwa Peoria a jihar Illinois, inda ta ce gurɓataccen kaya haramtacce ne a kasuwanci, duk inda aka same shi a kama.

Kuma ba hukumar abincin ce ke ƙwacewa da hannunta ba. Sufeto ya je sito ko kantin sari ya ɗebi samfuri, ya kwafi takardun dako da ke nuna daga wace jiha aka turo. Ɗakin gwaji ya duba. In an samu matsala sai a sanar da lauyan gwamnatin tarayya na yankin da kayan suke, shi ya shigar da ƙara, kotu ta ba da sammaci, jami'in zartar da hukuncinta ya je ya manna takarda a jikin katan-katan ɗin. Daga nan ba mai taɓa su. A yi shela cewa duk mai iƙirarin kayan ya fito. Yawancin lokaci ba wanda ke fitowa, domin kuɗin lauya ya fi kuɗin jam ɗin, ga tonon asiri a gaban jama'a. Sai alƙali ya yanke hukuncin ƙwacewa, a kai juji ko a ƙone. In mai kaya ya fito, ko dai ya yi jayayya a yi shari'a, ko ya amsa cewa kayan sun gurɓata ya ajiye kuɗin jingina a sake masa su ya gyara a gaban sufeto. Gyara yana yiwuwa in wasu ganguna ne suka lalace wasu lafiyarsu lau, a ware a zubar da marasa kyau. Amma jam ɗin da aka riga aka dafa da ruɓa ba shi da gyara. In kuwa laifin na tambari ne kawai, abincin kansa ba abin da ya same shi, kotu takan yarda a canja tambarin, ko a ba gidan marayu ko asibiti.

Mai masana'anta bai tsira ba don an yi ƙarar kwalba. Ana iya gurfanar da shi daban, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1943 ba sai an nuna ya san da laifin ba, ya isa a nuna shi ke da alhakin hanawa bai hana ba.

Akwai wani giɓi da ya shafi irin lalacewar farko da na ambata. Kaya sun bar masana'anta lafiya, sun isa wata jiha, suka lalace a siton ɗan sari, wa ke da iko? A 1946 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce tarayya ba ta da shi, a shari'ar taliyar da ta daɗe a wani sito a Arizona har ɓeraye da ƙwari suka ɓata ta. Majalisa ta toshe giɓin a 1948, ta ce ana iya ƙwace kayan da suka gurɓata yayin da ake ajiye da su don sayarwa bayan sun tsallako. Dokar 1938 ta riga ta ƙara wani makami: abinci gurɓatacce ne in an yi shi ko an ajiye shi a wurin da ƙazanta za ta iya shiga, ko da ba a ga ƙazantar a samfuri ba.

Ki lura kuma, ba duk jam ɗin da aka ƙwace ba ne ya ruɓe. Da yawa algus ne laifinsa. A shekarun 1920 kasuwa ta cika da abin shafa burodi mai ƙarancin 'ya'yan itace, ruwa ne da sukari da fektin mai daskarar da shi, wasu har da rini da ƙwayoyin irin ciyawa don ya yi kama da ƙwayar sitiroberi. Gwamnati ta kama wani mai suna Bred Spred, amma a 1931 kotu ta kayar da ita, saboda dokar 1906 ta kare kayan da aka raɗa wa suna na daban, shi kuwa bai kira kansa jam ba. Masu yin jam na gaskiya sun ji jiki, su ma suka shiga neman a gyara doka. Dokar 1938 ta ba hukuma ikon kafa ma'aunin kowane abinci, a 1940 aka kafa na jam: awo 45 na 'ya'yan itace ga awo 55 na sukari. Hujjar da aka dogara da ita har da tsofaffin littattafan girki na gidaje, inda mata suke auna kusan daidai wa daida.

Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. A 1949 gwamnati ta kama katan 62, kowanne da kwalba 6, a jihar New Mexico, an turo su daga Kolorado. Kashi 55 sukari ne, kashi 25 'ya'yan itace, kashi 20 ruwan fektin. Lafiyarsa lau, kuma an rubuta a jiki ƙarara cewa kwaikwayon jam ne. Gwamnati ta ce rubutun bai wadatar ba, tunda otal-otal da sansanonin masu yankan katako suna juye shi a faranti su ba mutane a matsayin jam, mai ci bai taɓa ganin kwalbar ba. A Maris na 1951 Kotun Ƙoli, alƙalai 7 da 2, ta bakin Mai Shari'a Felix Frankfurter, ta ba kamfanin gaskiya: doka da kanta ta yarda a sayar da kwaikwayo matuƙar an rubuta. A fahimtata alƙalai biyun da suka ƙi, Douglas da Black, sun fi hango abin da ke faruwa a teburin cin abinci, masu rinjaye kuma sun fi bin abin da majalisa ta rubuta. Gyaran na majalisa ne, ba na kotu ba.

Yau da wuya ki ga sabuwar ƙarar kwalaben jam. Ikon yana nan a sashe na 304 na dokar 1938, amma kamfani da zarar an nuna masa sakamakon gwaji yakan janye kayansa daga kasuwa da kansa, don ya san abin da ke biyo baya. Dokar da Shugaba Obama ya sa wa hannu a Janairun 2011 ta ba FDA ikon tilasta janye abinci mai haɗari, ta kuma sauƙaƙa mata tsare kaya har kwana 30 kafin a kai kotu. Tsarin ya bambanta da wanda muka saba gani a Najeriya, inda jami'an NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, suke garƙame shago da kansu, su kwashe kaya, daga baya a tara a cinna wuta a gaban 'yan jarida.

Kayan da ake shigowa da su Amurka daga waje kuwa ba su ma samun gatan shari'ar da na bayyana. A tashar jiragen ruwa ko filin jirgin sama, ya isa hukuma ta ce ga alama kayan sun gurɓata, ba sai ta tabbatar a gaban alƙali ba. Nauyin kawo hujjar cewa lafiyarsu lau yana kan mai kaya. In ya kasa, yana da kwana 90 ya fitar da su daga ƙasar, ko a lalata. Duk wanda ke shirin tura jam ɗin mangwaro ko busasshen zoɓorodo can daga nan, wannan sashen ne zai fara karo da shi.